Waya ɗaya ta zama huɗu a rumbun bayanai: muhawara kan adireshin MAC da neman sunan maƙeri

Isiyaka, Garwa:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Na kawo muku wata matsala da ta sha mini kai, domin na ga gara in tambaya tun kafin in ƙara ɓata aikin. Kawuna yana da wuraren sayar da wifi guda uku a nan Garwa, inda mutum yake sayen tikiti na awa ɗaya ko na yini ko na mako, ya shigar da lambar a wayarsa ya hau intanet. Ni na rubuta masa 'yar manhajar da ke riƙe lissafi a kan rumbun bayanai na PostgreSQL. A teburin abokan ciniki na mai da adireshin MAC na kowace na'ura, wato lambar da katin sadarwarta ke ɗauke da ita, babban mabuɗi, wato gurbin da ke bambanta kowane layi, kuma na ajiye shi a matsayin rubutu, yadda ya zo mini. Bayan haka na sauko da fayil ɗin oui.csv na hukumar IEEE, wadda ke raba wa kamfanoni waɗannan adireshi, domin in riƙa gano kamfanin da ya ƙera kowace na'ura, saboda kawu yana shirin buɗe shagon kayan gyaran waya, kuma yana so ya san irin wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanen unguwa.

Ga abin da nake gani yanzu. Wayar mutum ɗaya da na sani ido da ido ta bayyana a layi huɗu daban-daban. Mafi yawan adireshin da na nemi maƙerinsu ba su dawo da suna ko ɗaya ba. Wasu kaɗan kuma sun dawo da sunan IEEE Registration Authority, alhali na tabbata hukumar ba ta ƙera waya. Ina kuskuren yake?

Abakar, Njamena:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin a je ko'ina, ka duba layukan nan huɗu da kyau ka gaya mana ko lambobinsu iri ɗaya ne, rubutun ne kawai ya bambanta. Adireshin MAC lamba ce mai bit 48, wato bayit 6, kuma haruffa 12 da muke gani hanyar rubuta ta ce kawai a ƙirgan goma sha shida. Linux yakan rubuta ta da ƙananan haruffa yana raba su da ruwa biyu, Windows yakan yi amfani da manyan haruffa da karan ɗori, na'urorin Cisco kuwa sukan kasa ta gida uku da ɗigo a tsakani. Saboda haka 08:00:2b:01:02:03 da 08-00-2B-01-02-03 da 0800.2b01.0203 duk abu ɗaya ne a wurin katin sadarwa, amma a wurin gurbin rubutu abubuwa uku ne da ba su san juna ba. Tun da kana kan PostgreSQL, ba ka da dalilin wahalar da kanka, domin akwai nau'in bayani mai suna macaddr wanda yake karɓar duka waɗannan sigogi, ya ajiye su a bayit 6, ya fitar da su kullum a siga ɗaya, kuma ya ƙi karɓar abin da ba adireshi ba tun a bakin ƙofa.

Isiyaka, Garwa:
Yaya Abakar, na duba. Biyu daga cikin layukan lamba ɗaya ce kamar yadda ka faɗa, domin rautar da ke wuri na uku ta wani kamfani ce daban, kuma da manyan haruffa take aiko mini. Amma sauran biyun lambobi ne da ba su yi kama da na farkon ba ko kaɗan, ɗaya ta fara da haruffan "da", ɗaya kuma da "6e".

Hadiza, Marwa:
Isiyaka, waɗannan biyun su ne ainihin matsalarka, kuma su ne amsar tambayarka ta biyu. Ka lura da harafi na biyu a kowannensu: "a" da "e". A cikin bayit na farko akwai bit biyu da ke da ma'ana ta musamman. Mafi ƙanƙanta yana nuna ko adireshin na na'ura ɗaya ne ko na rukuni, wanda ke bi masa kuma yana nuna ko adireshin daga rajistar duniya ya fito, ko kuwa an ƙirƙire shi ne a gida. Idan harafi na biyu ya kasance 2 ko 6 ko a ko e, to adireshin ƙirƙirarre ne, babu kamfanin da ya saye shi daga IEEE domin ƙera na'ura, don haka neman sa a oui.csv ɓata lokaci ne.

Wayoyin zamani da kansu suke ƙirƙirar irin wannan adireshi domin kada a riƙa bin sawun mai su daga wuri zuwa wuri. Apple ya fara yin haka a iOS 8 a shekarar 2014, amma a lokacin neman wifi kawai. Android 10, wanda ya fito a 2019, ya mai da shi tsarin asali har a lokacin haɗuwa, sannan iOS 14 ya biyo baya a 2020. A bisa al'ada wayar takan ware adireshi ɗaya ga kowane sunan wifi. Idan wuraren kawunka uku suna da suna uku, mutum ɗaya zai zo maka da fuska uku, ko da bai taɓa komai a saitin wayarsa ba.

Za ka iya tantance su a cikin rumbun da kansa, domin macaddr yana karɓar lissafin bit. Ka haɗa adireshin da 02:00:00:00:00:00 ta alamar &, idan sakamakon bai zama sifili ba, adireshin na gida ne. Shawarata ita ce ka yi wannan gwaji kafin kowane nema, kuma a rahoton kawu ka rubuta "ɓoyayye" a gurbin maƙeri, kada ka rubuta "ba a sani ba", domin abubuwa biyu ne daban.

Bello, Kuseri:
Malama Hadiza ta yi bayani mai kyau, amma ni a ganina an tsawaita abin da ke da gajeriyar hanya. Ni ma ina da wurin wifi, kuma abin da nake yi shi ne duk wanda ya zo sayen tikiti sai yarona ya karɓi wayarsa ya kashe saitin ƙirƙirar adireshi, ya mayar da ita kan adireshinta na asali. Daga nan mutum ɗaya layi ɗaya, kuma sunan maƙeri yana fitowa. Har ma ina tunanin in sa rauta ta riƙa ƙin duk adireshin da harafinsa na biyu yake cikin huɗun nan.

Hadiza, Marwa:
Malam Bello, da girmamawa, ban yarda da wannan hanya ba. Mutumin da ya sayi tikitin awa ɗaya intanet ya saya, bai ba ka izinin sanin duk ranar da ya zo da duk wurin da ya zauna ba, kuma mafi yawansu ba su san abin da yaronka ya kashe musu ba. Bayan haka, ko ta fuskar aikin ma ba ka tsira ba, domin adireshin asali ba shaida ba ne. A kwamfuta mai Linux umarni ɗaya ya isa a sauya shi, kuma adireshin yana yawo a fili a cikin iska ko da wifi ɗin yana da kalmar sirri, don haka yaro mai wayo zai iya kwafar na wanda ya biya ya hau da shi. Abin da aka saya shi ne tikiti, saboda haka tikiti ya kamata ya zama mabuɗi.

Bello, Kuseri:
To idan tikiti ne mabuɗi, me zai hana mutum ɗaya ya saya ya raba wa gidansu duka? Ku da kuke rubuta manhaja a ofis ba ku san yadda ake asarar sefa a wannan sana'a ba.

Malam Umaru, Ngawundare:
Bello, ka yi haƙuri, tambayarka tana da tushe, amma amsarta ba ta buƙatar a taɓa wayar kowa. Tsarin da zan ba Isiyaka shi ne ya raba abin da ya cakuɗa a tebur ɗaya zuwa gida biyu. Teburin tikiti yana da lambarsa ta kansa wadda rumbun ya ba shi. Teburin zama kuma yana riƙe lambar tikiti, adireshin da aka gani, wurin da aka gan shi, lokacin hawa da lokacin sauka. Idan ana so a hana rabon tikiti, sai a ce tikiti ɗaya ba zai riƙe zama fiye da ɗaya a lokaci guda ba. Adireshin ƙirƙira ma yana wadatarwa ga wannan, tun da ba ya sauyawa a tsakiyar zama. Wanda ya ba ƙaninsa lambar, shi zai sauka kafin ƙanin ya hau, kuma wannan ba asara ba ce a wurinka.

Yanzu bari in koma kan tambaya ta uku, wadda ba wanda ya taɓa ta, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. Abin da muka koya tun da daɗewa shi ne bayit uku na farko na kamfani ne, uku na ƙarshe kuma lambar na'ura ce. Wannan gaskiya ne ga babban kaso kawai, wanda tun 2014 IEEE take kira MA-L. Wanda ya sayi irin wannan yana da goshi, wato farkon adireshin da ke nuna mai shi, mai bit 24, da adireshi 16,777,216 da zai raba wa na'urorinsa. Amma ƙaramin kamfanin da ke ƙera na'urar awo dubu biyu a shekara ba ya buƙatar miliyan goma sha shida, kuma da an ci gaba da rabo a haka da rumbun lambobin ya ƙare da wuri. Saboda haka akwai MA-M mai goshin bit 28 da adireshi 1,048,576, akwai kuma MA-S mai goshin bit 36 da adireshi 4,096 kacal. Kafin MA-S akwai wani tsohon tsari mai suna IAB, shi ma 4,096 ne, an daina bayar da sabo amma na'urorinsa suna nan suna aiki.

Waɗannan ƙananan kaso daga cikin manyan goshi aka yanko su, kuma a oui.csv babban goshin yana ɗauke da sunan hukumar da kanta. Misali 70:b3:d5 da 00:50:c2 duk haka suke. Idan ka tsaya a bayit uku, sunan mai rabon fili za ka samu, ba sunan wanda ya gina gida a ciki ba. Dole ka sauko da mam.csv da oui36.csv da iab.csv ka haɗa da na farkon.

Isiyaka, Garwa:
Allah ya ƙara sani, Malam. Amma na karanta cewa akwai aiki mai suna trunc a PostgreSQL wanda aka yi shi musamman domin neman maƙeri. Shin ba zai wadatar ba?

Malam Umaru, Ngawundare:
Abin da trunc yake yi wa macaddr shi ne ya mai da bayit uku na ƙarshe sifili, ba ƙari. An yi shi ne bisa tunanin goshi mai bit 24, don haka yana warware MA-L kaɗai. Ga abin da nake yi ni. Tebur ɗaya ne na rajista, mai gurbin goshi a nau'in macaddr wanda aka cike ragowarsa da sifili, gurbin tsawo wanda ke ɗaukar 24 ko 28 ko 36, da gurbin suna. Idan adireshi ya zo, sai in rufe shi sau uku ta alamar &, da ff:ff:ff:ff:f0:00, da ff:ff:ff:f0:00:00, da ff:ff:ff:00:00:00, in nemi kowane sakamako tare da tsawonsa, in jera abin da ya fito daga mafi tsawo, in ɗauki na farko. Ƙa'idar ita ce goshi mafi tsawo shi ke rinjaye, kamar dai yadda rauta take zaɓar hanya a adireshin IP. Da fihirisa a kan goshi da tsawo, nema uku ne na kai tsaye, kuma rajistar gaba ɗayanta layuka dubun-dubata ne kawai, ko tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin kawunka ba za ta ji nauyinsu ba.

Abakar, Njamena:
Malam, ni ina da ɗan saɓani a nan, ba a kan ƙa'idar ba, a kan nau'in da za a ajiye. Aikin da nake yi yakan tilasta mini in kai bayanai zuwa MySQL da SQLite, waɗanda ba su da nau'in macaddr. Shi ya sa na fi son in mai da adireshin lamba zalla. Bit 48 suna shiga cikin bigint, wato nau'in babbar lamba, ba tare da matsi ba, tun da adadin duka bai wuce 281,474,976,710,656 ba. Kowane kaso sai ya zama farko da ƙarshe, a nemi wanda adireshin ya faɗa tsakaninsu, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Wannan yana aiki a ko'ina.

Malam Umaru, Ngawundare:
Yana aiki, Abakar, ban musa ba, kuma wanda ba shi da macaddr hanyarka ce mafitarsa, ko kuma ya ajiye bayit shidan a binary. Abin da nake ƙi shi ne ranar da wuta ta ɗauke, rauta ta rikice, kana tsaye cikin zafin watan Afrilu kana duba tebur, sai ka tarar da lamba mai tsawon gaske wadda ba za ka iya kwatanta ta da abin da ke rubuce a bayan na'ura ba sai ka juya ta. Isiyaka bai ce zai bar PostgreSQL ba, don haka ban ga dalilin da zai sa ya yar da abin da aka ba shi kyauta ba.

Abakar, Njamena:
Na karɓa a game da Isiyaka, ko da yake ni ba zan sauya nawa ba. Gargaɗi ɗaya kawai zan ƙara: kada ya kuskura ya buɗe waɗannan fayiloli a manhajar lissafi ta ofis ya sake adana su. Na taɓa yin haka, goshin da ya fara da sifili ya rasa sifilinsa, wanda kuma yake da harafin E tsakanin lambobi aka ɗauke shi a matsayin lambar kimiyya aka mai da shi wani abu daban. Ya loda su kai tsaye da umarnin COPY na PostgreSQL a sigar csv, domin sunayen kamfanoni da adireshinsu cike suke da waƙafi.

Hadiza, Marwa:
Akwai abin da nake so kawun Isiyaka ya ji kafin ya zuba kuɗinsa a kayan gyara bisa wannan rahoto. Ko da nema ya yi daidai, sunan da ke fitowa na wanda ya yi rajistar goshin ne, ba lallai ne ya zama sunan da ke jikin na'urar ba. Ƙananan na'urori da yawa, irin su kwan lantarki da soket masu wifi, sukan fito da sunan Espressif, domin shi ya ƙera guntun sadarwar da ke cikinsu. Goshin 00:50:56 na VMware ne, kuma na'urar da ke ɗauke da shi kwamfutar kwaikwayo ce da ke zaune a cikin wata. Wasu kamfanoni sun biya domin a ɓoye sunansu, sai ka ga an rubuta Private. Sannan abin da ya fi muhimmanci ga kawu: tun da sababbin wayoyi su ne ke ɓoye adireshinsu, waɗanda za su bayyana a rahoton su ne tsofaffi. Idan ya bi wannan lissafi zai cika shago da kayan wayoyin da mutane suke daf da yarwa. Da ya zaunar da yaro a bakin ƙofa na mako guda yana kallon abin da ke hannun masu sayen tikiti, da ya fi samun gaskiya.

Isiyaka, Garwa:
Wannan magana ta kashe mini jiki, Malama, amma zan isar masa da ita. Tambaya ta gaba: in rubuta sunan maƙeri a cikin layin zama tun lokacin da aka gan shi, ko in riƙa nemo shi duk lokacin da ake buƙatar rahoto?

Malam Umaru, Ngawundare:
Ka nemo shi lokacin rahoto. Rajistar tana ƙaruwa kusan kullum, kuma sunaye suna sauyawa idan wani kamfani ya sayi wani. Goshin 08:00:20 na Sun Microsystems ne a da, bayan Oracle ya saye shi a 2010 sunan ya koma na Oracle. Idan ka manna suna a kowane layi, adireshin da ba a gane ba yau zai zauna a haka har abada, ko da ka sabunta rajistar gobe. Ka sabunta ta sau ɗaya a wata daga fayil, kada manhajarka ta dogara da tambayar wani shafin intanet a kan kowane adireshi, domin ka san yadda layinmu yake yankewa, kuma babu dalilin aika adireshin abokan cinikinka ga baƙo. Ka loda sabuwar a tebur na gefe, ka tabbatar ta cika, sannan ka musanya su a cikin ma'amala ɗaya, ka kuma rubuta ranar da ka sauko da ita.

Bello, Kuseri:
Ni dai har yanzu ina ganin sanin na'urar mutum yana da amfani ranar da aka yi ɓarna da layinka aka zo ana tambayarka. Amma na ji batun zama ɗaya ga tikiti ɗaya, zan gwada shi a wuri ɗaya in gani kafin in ce komai.

Hadiza, Marwa:
Teburin zama zai ba ka wannan amsa, Malam Bello, tun da yana riƙe tikiti da lokaci da adireshin da aka gani. Abin da ya rage shi ne kowa ya yanke tsawon lokacin da zai riƙe waɗannan layuka, ya duba abin da doka ta ɗora masa, sannan ya goge abin da ya wuce haka. Chadi tana da dokar kare bayanan mutane tun 2015, Kamaru kuma ta yi tata a Disambar 2024. Kuma kada wani ya ɗauka cewa niƙa adireshi da SHA-256, wato lissafin da ke mai da bayani wata lamba da ba a juya ta baya, ya ɓoye shi, domin idan an san goshin, ragowar miliyan goma sha shida ne kawai, kwamfutar hannu za ta gwada su duka cikin ɗan lokaci. Idan ana son a ƙirga ba tare da an riƙe adireshin ba, sai a yi HMAC, wato niƙa shi tare da mabuɗin sirri wanda ba a ajiye shi a cikin rumbun ba.

Isiyaka, Garwa:
Na dawo da rahoto. Na sauya gurbin zuwa macaddr, sai dai na fara haɗe layukan da suka maimaitu, domin babban mabuɗin ya ƙi sauyin kafin haka. Na raba tikiti da zama kamar yadda Malam Umaru ya tsara. Amma da na zo loda oui.csv a sabon tebur, wanda na sa wa sharaɗin kada goshi ya maimaitu, sai lodin ya tsaya a kan 080030. Na ɗauka fayil ɗin ne ya lalace a hanya, na sake sauko da shi, abin bai sauya ba.

Malam Umaru, Ngawundare:
Fayil ɗinka lafiya yake, ɗana. Wannan goshi tsohon gado ne daga farkon zamanin Ethernet, kuma a rajistar yana ɗauke da sunaye uku, ɗaya daga cikinsu CERN, cibiyar binciken kimiyya da ke kusa da Janeba. Ba shi kaɗai ba ne, za ka ci karo da 0001C8 ma da suna biyu. Kada ka cire sharaɗin, domin idan ka cire shi, haɗin tebur zai riƙa ninka maka layukan zama ba tare da ka lura ba. Ka loda fayil ɗin a teburin gefe marar sharaɗi, sannan wajen kwashewa ka tara sunayen goshi ɗaya a gurbi ɗaya da aikin string_agg, wanda ke haɗa rubutu.

Isiyaka, Garwa:
Ya wuce, Malam, an loda fayiloli huɗun duka. Adireshin da a da suke nuna sunan hukumar yanzu sun fito da sunayen ƙananan kamfanoni, kuma da na bi ɗaya daga cikinsu sai na tarar na'urar kula da batirin sola ce da ke wuri na biyu, wadda na daɗe ina ƙirga ta a cikin abokan ciniki. Wuraren uku kuma zan ba su sunan wifi ɗaya a daren nan bayan an rufe, in ga ko layukan za su ragu zuwa ƙarshen mako.